Neman kalmar Hausa: me za mu kira "extortion"?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyi, ina neman taimakonku game da kalmar "extortion", wadda nake yawan cin karo da ita idan ina fassara labaran kotu. Abokan aikina sukan rubuta "ƙwace", amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin sashe na 291 na kundin Final Kod, wanda aka kafa a 1959 don Arewacin Nijeriya, ya bayyana laifin da cewa mutum ya jefa wani cikin tsoron cutarwa da gangan, a kansa ko a kan wani, har tsoron ya sa ya miƙa dukiya ko takardar mallaka. Mai ƙwace fizgewa yake yi, a nan kuwa mai kaya ne ke miƙawa da hannunsa.

Wani lauya: Wa alaikumus salam. Malam, ka kama bakin zaren, domin miƙawar nan ita ce ta raba laifin da sata, inda ake ɗaukar kaya ba da yardar mai shi ba. Tsakaninsa da fashi kuwa tazarar ba ta da yawa: sashe na 296 ya ce babu fashin da babu sata ko wannan laifin a cikinsa, kuma idan mai barazanar yana gaban mutum, ya tsorata shi da mutuwa ko rauni nan take har ya miƙa kaya a wurin, to ya zama fashi. Wanda ya aiko saƙo cewa zai ƙona rumbu bayan sati guda idan ba a biya shi ba, har tsoro ya sa aka biya shi, yana ƙarƙashin sashe na 291 ne, kuma hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5. Tsarin nan ba a nan aka haife shi ba, daga kundin Indiya na 1860 ya biyo ta Sudan ya iso gare mu. Ina kuma roƙo kada a ce "cin hanci", domin mai ba da hanci yana sayen alfarma ne kuma shi ma mai laifi ne, alhali wanda aka tsorata shi ne aka zalunta.

Wani malamin fiƙihu: Barista, a littattafanmu akwai "gasabu", wato karɓe dukiyar mutum da fin ƙarfi a fili, akwai kuma "ikrahi", wato tilastawa. Laifin da kuke magana a kai ya haɗa biyun, sai dai ban ga mai sauraron rediyo zai gane su ba sai da sharhi.

Wata malama daga Maraɗi: Allah ya gafarta malam, mu a Nijar Faransanci ya ba mu kalmomi biyu, "extorsion" da "chantage", ta biyun kuwa ita ce neman kuɗi da barazanar tona asiri. A Faransa kanta hukuncinsu daban ne, ta farko shekara 7, ta biyu shekara 5. Duk kalmar da za a zaɓa, ya kamata ta bar wa wannan bambanci gurbi. Ni dai na fi jin mutane suna cewa "tatsa".

Mai buɗe zance: Malama, "tatsa" ta kwanta mini ƙwarai, domin asalin kalmar a Latin ma yana nufin murɗe abu har ya fito, kuma mai tatsa ba ya yanka saniya, yana barin ta ne don ya dawo gobe, kamar yadda 'yan bindiga ke yi wa ƙauyukan Zamfara idan suka ɗora musu kuɗi kafin su bar su girbe amfanin gona. Wannan kuɗi ake kira "haraji" a labarai, abin da ke ba shi martabar da bai cancanta ba. Naƙasun "tatsa" ɗaya ne: ɗan damfara ma yana tatsar mutane, amma da yaudara, ba da tsoro ba. Saboda haka zan riƙa rubuta "tatsa da barazana", mai laifin kuma "mai tatsa da barazana", ɗayan laifin kuwa "tatsa da barazanar tonon asiri".

Wani lauya: Na amince, Malam, da sharaɗi guda: idan barazana ce kawai ba a nemi dukiya ba, wannan laifi ne daban a sashe na 396, kuma "tsoratarwa" ta wadatar da shi.