Wa ya taɓa haɗa wa motarsa kwamfaresar ba taya iska? A taimaka mana da abin da aka gani

Baban Walida, Ɓaɓura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohuwar Hilux gare ni, ina kai kaya ƙauyukan bakin boda, ranar Alhamis kuma in ci kasuwar Maigatari. Wanda ya san rairayin yankin nan ya san sauran zancen. In ban rage iska ba sai ta kafe, ko da ƙafa huɗun duk suna ja. In na sauke daga geji 35 zuwa 18 tafiya take lafiya lau, amma da na hau kwalta sai rarrafe har in iske mai faci. Makon jiya da buhun gero goma sha biyu a baya na yi wannan rarrafen, tayar baya ta yi zafi har gefenta ya tsage. Wanda ya taɓa haɗa abin ba da iska a jikin motarsa ya faɗa mana yadda suka ƙare.

Direban Guri

Wa alaikumus salam. Ni dai abu ɗaya zan ce, kada ka sayi ƙaramin nan da ake soka wa a ramin kunna sigari. Ya yi ta kuka kamar sauro, har na yi alwala na yi la'asar bai cika taya ɗaya ba. A ta biyu sai ƙaurin roba, fiyus ya tafi.

Oga Makanike, Gumel

Ƙanina Baban Walida, na haɗa wa motoci uku, kuma ta farko tawa ce, a kanta na yi karatun. Kwamfaresar AC na ɗauko, wadda fambel ke juyawa, tunda inji ne ke janta ƙarfinta ba ɗaya ba ne da na batir. Kuskurena shi ne ban yi tunanin mai ba. Irin kwamfaresar kamfanin Sanden ɗin nan da ke motoci da yawa, man da ke shafa cikinta tare yake zagayawa da gas ɗin AC. Ka cire gas ka bar ta tana zuƙar iska zalla, ka bar ta a bushe ke nan. Sati uku ta yi mini. Ina tsakiyar ba taya iska a hanyar Gagarawa na ji ƙiii, ta daskare, fambel na ta gurzar fule yana hayaƙi. Da na buɗe ta a gareji, garin ƙarfe ne a ciki kamar an barbaɗa kwalli.

Mafita biyu ce. Ko ka nemo kwamfaresar York, wadda take da ma'ajiyar mai a cikinta kamar ƙaramin inji (ita ce Turawa masu shiga daji suka fi so, sai dai samunta a nan sai an tona), ko ka sa wa Sanden ɗan kwalbar da ke ɗiga mata mai ta bakin da take shan iska, sannan a mafita ka sa abin tace man don kada ya bi tiyo ya shiga taya. Bakin shan iskar kuma dole ya samu filta. Ƙurar hunturu ta Jigawa ba ta da mutunci.

Af, na manta. Tiyon farko da ke fita daga kwamfaresa na tagulla za ka sa. Iskar da aka matse zafi gare ta, na roba laushi yake ya fashe.

Baban Walida, Ɓaɓura

Oga, to AC ɗin fa? Watan Afrilu na nan tafe.

Oga Makanike, Gumel

Ko ka haƙura da sanyi, ko mai walda ya yi maka mazaunin kwamfaresa ta biyu. Tawa dama AC ɗinta ya daɗe da rasuwa.

Mai Wayarin, Kazaure

Ranka ya daɗe Oga, a yi mini afuwa in sa baki. Ba kowa ne zai iya rigimar fambel ba. Akwai manya masu aiki da batir na bolt 12, suna cika taya cikin 'yan mintuna. Sai dai suna iya jan am 30 zuwa 40, ramin sigari kuwa bai wuce 10 zuwa 15 ba, shi ya sa na Direban Guri ya ci fiyus. Waya mai kauri kai tsaye daga batir, fiyus dab da kan batir ɗin, rile (makunnin da ke ɗaukar wuta mai ƙarfi) a tsakani, kuma inji na kunne duk lokacin da take aiki. An taɓa kawo mini wata da aka ja wa siririyar waya ta ƙarƙashin kafet, baƙin layi ya bi kafet ɗin tun daga gaba har kujerar baya. Allah ne ya tsare.

Alhaji na Haɗejia

'Ya'yana, ku yi maganar tanki da kyau. Nawa tankin birkin babbar mota ne na saya a Ƙofar Ruwa, tunda dama don riƙe iska aka ƙera shi. Makunnin da ke kansa yana tayar da kwamfaresa in iska ta sauka geji 90, ya kashe ta a 120. Bayan shi akwai bawul mai sakin iska da kansa in makunnin ya ƙi, da wani mai hana ta komawa baya. Wani yaro a fadama ya ce zai yi nasa da bututun roba na ruwa, na ce ko kusa, in ya fashe tarwatsewa yake kamar kwalba. Tukunyar gas kuma kada wanda ya kai wa mai walda. Sannan a riƙa buɗe magudanar ƙasa. Damina ɗaya na yi sakaci, da na kwance sai ga jan ruwa mai tsatsa ya kusa cika kofin shayi.

Ɗan Kirikasamma

Duk kun cika tsada. Famfon ƙafa gare ni da yaran mota biyu.

Direban Guri

Ka tambayi yaran tukuna.

Baban Walida, Ɓaɓura

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na batir zan fara sawa, ba tanki, in ga yadda kakar bana za ta kaya. Malam na Kazaure, Asabar kana shago? Zan zo da motar ka duba inda za ta zauna a bayan kujera, don cikin bonet zafi ya yi yawa.