Don Allah a taimaka mini da asalin kakanmu, na tsaya cik

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni daga Tawa nake, wata shida kenan ina ƙoƙarin rubuta jerin kakanninmu saboda yarana, amma na kai wani wuri na kasa wucewa.

Gwaggona ita ce babba da ta rage a gidan, tana kawo sunaye har uku a sama da babanmu sai ta ce daga nan ba ta sani ba. Ta ce kakan babanmu ya baro wajen Illela ta Nijar ya tsallaka ƙasar Sakkwato zamanin aikin tilas da lanho na Faransawa, bai dawo ba sai bayan da aka soke aikin tilas ɗin a 1946, kuma ya baro mata da 'ya'ya a can, kenan muna da dangi a Najeriya da ba mu ko san sunan garinsu ba, wallahi abin nan yana cin raina.

Takardar haihuwar kakana ba rana ba wata, shekara ce kawai aka kintata, sunan uban da aka sa kuma laƙabi ne. A cikin adakarsa na samu wata takarda ta ajami, gara ta cinye gefe guda, tawadar ta koɗe, malamai biyu sun duba sun kasa.

To wa ya san mai karanta tsohon ajami, ko cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai suna duba irin wannan? Kuma kundin ƙidaya na zamanin Turawa, a gidan sarki zan nema ko sai na je Yamai?