Neman kalma: me za mu kira "playoffs" a ƙwallon kwandon 'yan matan jami'a?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Kalmar da na kawo yau ita ce "playoffs", kamar yadda ake amfani da ita a gasar ƙwallon kwando ta 'yan matan jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa. Na ga wasu marubutan wasanni suna fassara ta da "wasan cike gurbi", ni kuma ban gamsu ba. Ga dalilina.

Mu fara da yadda abin yake. Kakar wasa tana farawa a watan Nuwamba, a yi ta fafatawa har farkon Maris, kowace jami'a ta buga wasa wajen 30. Daga nan kowane lig ya fitar da zakararsa, ita kuma ta samu gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa. Sauran guraben wani kwamiti ne ke zama ya raba. A 2022 aka kai adadin ƙungiyoyin da ke shiga zuwa 68. Abin da ke biyo bayan kakar nan, har a ɗaga kofi a farkon Afrilu, shi muke nema wa suna.

"Cike gurbi" daga ƙwallon ƙafa muka saba jin ta, kuma a can ta zauna daram: an gama wasannin share fage, saura kujera ɗaya ko biyu a gasar cin kofin duniya, sai a haɗa waɗanda suka kusa kaiwa su kara. Wadda ta ci ba kofi ta ɗauka ba, izinin shiga ta samu. A gasar 'yan matan nan ma akwai irin wannan, amma ɗan kaɗan ne: a tsarin ƙungiyoyi 68, ƙungiyoyi 8 ne ke fara karawa don a samu 4 da za su cika adadin ya zama 64. Waɗannan wasanni huɗu su ne cike gurbi na gaskiya. In muka ba gasar duka wannan suna, to wasan ƙarshe na 2024 da South Carolina ta doke Iowa 87 da 75 a Cleveland, wane gurbi aka cike? Yaran Dawn Staley, kocin South Carolina, sun kammala kakar da nasara 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba, mutum kusan miliyan 19 suka kalla a talabijin, fiye da waɗanda suka kalli wasan ƙarshe na maza a shekarar. Wannan ai ya wuce cikon benci.

Wani ɗan uwa ya ce to ga "sili ɗaya ƙwale", me ya sa za mu wahalar da kanmu? Malam, ina son wannan kalma ƙwarai, kuma ta dace da wannan gasa, domin wadda aka doke sau ɗaya ta tattara kayanta sai baɗi. Sai dai tana bayyana salon karawar ne kawai. A NBA, gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta maza a Amurka, ma "playoffs" suke cewa, alhali can sai ƙungiya ta ci wasa 4 cikin 7 kafin ta wuce. Za ta iya faɗuwa yau ta rama jibi. Ka ga sili ɗaya bai ƙwale ba ke nan.

Shawarata ita ce mu ce "wasannin tankaɗe".

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tuwo ya san aikin. Ta zuba gari a rariya, ta riƙa kaɗawa da tafin hannu, lallausan ya sauka a ƙwarya, tsakin ya tsaya a sama a ware shi gefe. Haka 64 ke komawa 32, su koma 16, sai 8, sai 4. Kuma Bahaushe ya riga ya fitar da kalmar daga madafa, tunda muna cewa an yi wa ma'aikata tankaɗe da rairaya. Kunne ba zai ji ta baƙuwa ba. Mafi muhimmanci a wurina, ba ta ɗaure mu da salo ɗaya: tankaɗen 'yan matan jami'a na sili ɗaya ƙwale ne, na NBA kuma na ci huɗu cikin bakwai.

Wata Hajiya ta tambayi yadda za mu fassara "regional", ko yanki ko shiyya. Ni shiyya na zaɓa, domin yanki yana sa mutum ya zaci maƙwabta ne ke karawa. Ba haka ba ne. Zagaye biyu na farko a gidan manyan ƙungiyoyi 16 ake yi, sannan waɗanda suka tsira a kai su garuruwan da aka ware. A 2024 Albany ne da Portland, kowane gari da shiyya biyu. A Albany ta jihar New York ne Iowa ta haɗu da LSU ta Louisiana, duka biyun baƙi ne a garin. Daren nan Caitlin Clark ta Iowa ta zuba maki 41, Iowa ta ci 94 da 87, ta rama kayen da LSU ta yi mata a wasan ƙarshe na 2023. To shiyya a nan kashi ɗaya ne cikin huɗu na jadawalin, da sunan garin da ya karɓi baƙuncinta. "Rukuni" kuwa mu bar wa ƙwallon ƙafa, inda kowa ke karawa da kowa ana tara maki.

Ku gwada a baki ku ji, da misalin UConn, wato jami'ar Connecticut: "UConn ta zama zakarar shiyya a Spokane, ta shiga sahun huɗun ƙarshe, sannan ta kammala wasannin tankaɗe na 2025 da doke South Carolina 82 da 59, kofi na 12 a hannun koci Geno Auriemma." Ni dai ban ji inda harshe ya sarƙe ba.

Saura kalmar "seed", wato lambar da kwamiti ke ba kowace ƙungiya daga 1 zuwa 16 a shiyyarta gwargwadon ƙarfinta, kamar Harvard mai lamba 16 da ta fitar da Stanford mai lamba 1 a 1998. Ina tsakanin "matsayi" da "lambar daraja". 'Yan uwa na Damagaram da Kumasi, ku kawo naku mu auna.