Me ya sa fiyanon katako ya faɗi warwas a Amurka, kuma zai jure yanayinmu?

Uwargida_Jos:
Assalamu alaikum. Makarantarmu na son fara koya wa yara kiɗa. Wani ɗan'uwa a Amurka ya ce can ana kyautar da tsofaffin fiyano na katako, mutum ya zo ya ɗauka kawai. Me ya karya darajarsu haka? Kuma in an sako mana ɗaya a kwantena, zai yi aiki a nan?

Malamin_Kiɗa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki. A 1909 an sayar da sababbin fiyano sama da 360,000 a Amurka, lokacin da duk gidan da ke da rufin asiri fiyano ne abin nishaɗinsa da daddare. Yau abin da ake sayarwa a shekara bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, alhali jama'ar ta ninka fiye da sau uku. Kuɗin gida ne ya sami wasu ƙofofi. Garmaho ya zo, rediyo ya bazu bayan 1920, mota ta shiga sahun abin da ake biya kaɗan-kaɗan, sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta rufe masana'antu da yawa. Daga baya talabijin, kwamfuta, yanzu waya. Fiyano kuwa sai yaro ya yi shekaru yana zuwa darasi ana biyan malami kafin a ji daɗinsa, ga kuɗin haya da na makaranta na jiran maigida.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: fiyano mai kyau yakan yi shekara hamsin, don haka tsofaffin da aka gada suka cika kasuwa, suna kashe wa sababbi ciniki. Kamfanin fiyano na Baldwin ya daina ƙerawa a Amurka a 2008, kamfanin Kemble na Ingila ya rufe masana'antarsa a 2009. Ko Sin da ta daɗe tana riƙe da kasuwar, ciniki ya ja baya tun da aka soke ƙarin makin jarrabawa da yara ke samu saboda iya kiɗa.

Mai_Gyaran_Fiyano:
Hajiya, kyautar nan akwai dalilinta. Fiyano na tsaye yakan kai kilo 200 zuwa 250, kuɗin masu ɗauko shi daga bene ya fi darajarsa, shi ya sa mai shi ke neman wanda zai raba shi da shi.

Babbar matsalar ita ce hunturu. A ciki akwai tsirkiya kusan 230, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan 18 zuwa 20. Kowace tana naɗe a jikin ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin katako mai kauri. Fiyano yana son laimar iska ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50. A arewa takan sauka ƙasa da 20 a Janairu, ta haura 70 a Agusta. Katakon ya bushe ya tsuke, ƙusoshin su yi sako-sako, a saita yau bayan sati biyu sauti ya zube. Faffaɗan allon da ke baya, mai fito da amo, yakan tsage, manne ya saki. Da damina kuma maɓallai su kumbura su maƙale, tsirkiya ta yi tsatsa. Ban da gara da ɓeraye, da asu mai cin ulun da ke kan ƙananan gudumomin da ke bugun tsirkiya.

In dole sai an kawo, a sa mai gyara na can ya duba kafin a biya kuɗin jirgi. Ya gwada ƙarfin ƙusoshin da makullin saiti, ya haska bayan allon ya nemi tsaga, ya danna maɓallai 88 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya auna ko sautin yana kan 440, wato ma'aunin da aka saba saita fiyano a kai. Wanda sautinsa ya sauka da rabin murya, wato tazarar maɓalli ɗaya, ya daɗe ba a taɓa shi ba, wajen ɗago shi tsirkiya na iya tsinkewa. Lambar da ke jikin ƙarfen ciki za ta nuna shekarunsa. In ya iso, a ajiye shi jikin bangon ciki, nesa da taga, a bar shi sati uku zuwa huɗu kafin saitin farko, sannan sau biyu a shekara. Ki fara tabbatar da akwai mai saitin da zai riƙa zuwa Jos, don ba su da yawa a ƙasar nan.

Injiniyan_Situdiyo:
Ni dai shawarata, Hajiya, na lantarki. Shi ne ma ya ƙarasa cinye kasuwar na katako, tun da kamfanin Yamaha ya fito da fiyanon lantarki mai suna Clavinova a 1983. Amma kada a sayo irin mai maɓallai 61 marasa nauyi da ake kiɗan waƙoƙin fim da shi, yatsun yaro ba za su yi ƙarfi a kansa ba. A nemi mai 88 masu nauyi, da abin takawa na ƙafa. Yamaha P-45 bai kai kilo 12 ba, babu saiti, kuma ƙaramin inbata na sola zai riƙe shi. Abin da ke kashe su a nan biyu ne: ƙura da ke shiga ƙarƙashin robar maɓallai har wani ya daina fita ko ya riƙa fita da ƙarfi, da wutar janareta mai ƙona adafta. A rufe shi da mayafi bayan darasi, a haɗa shi ta sitabilaiza.

Uwargida_Jos:
Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa shugabar makaranta maganar na lantarkin. Injiniya, yara ashirin a aji, guda nawa za su ishe mu?