Innarmu ba ta da haƙori ko guda a ƙasa, ko dashen haƙora zai yi mata?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum jama'a. Ina biɗar shawara ga waɗanda sunka san abin ko waɗanda anka yi ma. Innarmu tana Tawa, shekarunta 64, haƙoranta na ƙasa dut sun zube, na sama saura bakwai. Ba rana guda sunka tahi ba, ciwon dasashi ne tun da daɗewa, haƙori ya yi ta girgiɗa har a cire shi, ta haka ta haka har sunka ƙare. Bara waccan munka kawo ta Yamai anka yi mata dantiye, haƙoran robar nan da ake cirewa, da farko ya zauna amma yanzu ko magana take sai ya taso, in ta ci tuwo ya bi lomar, har ya yi mata miki a dasashi. Nama kam ta bar shi, sallar layyar da ta wuce romo kaɗai ta sha, matar da ita ka raba ma kowa soye. Abin da ya hi damuna ta bar zuwa buki da suna, in ta yi dariya sai ta kai gyale ga baki.

Yayanmu da ke Abijan ya ga talla a Facebook, wai ana dasa ƙarhe huɗu cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗaura haƙora dut a kai rana guda, yac ce shi zai ɗauki kuɗɗin ko da Tunis ne ko Turkiyya. To amma Inna tana da ciwon sukari kusan shekara goma, kuma ba ta rabuwa da goro. Shin abin gaskiya ne? Mai sukari ana yi mishi? Kuma in an yi a waje wani abu ya samu a Tawa, wa za mu nuha?

Likitar Haƙori, Yantala:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maku da kuke kula da ita haka. Abin gaskiya ne, ba sabo ba ne kuma. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano tun shekarun 1950 cewa ƙarfen titaniyom in ya daɗe cikin ƙashi, ƙashin yana manne shi har ya zama kamar jiki guda, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko a baki. Tsarin ƙarfe huɗun da yayanku ya gani ana ce mishi All-on-4, likita ɗan Fotugal Paulo Malo ne ya fito da shi ƙarshen shekarun 1990. Biyu na gaba a miƙe ake sa su, biyu na baya a karkace, don a ƙasa akwai jijiya da ke bi cikin ƙashi wadda in an taɓa ta leɓe ya mutu, a sama kuma akwai kogon da ke gefen hanci.

Amma maganar rana guda, nan ne talla take ɓoye rabin zance. Haƙoran da ake ɗaurawa ranar aiki ko washegari na wucin gadi ne, kuma ba kowa ake ɗaura wa ba, sai in ƙarfen ya kama ƙashi da ƙarfi tun wurin dasawa. Ƙashi na buƙatar kamar wata uku zuwa shida kafin ya riƙe ƙarfen sosai, ƙasa ya fi saurin kamawa don ƙashinsa ya fi tauri, sama ya fi jinkiri. Cikin wannan lokaci abinci mai taushi kawai, kunu, fura, ƙwai, kifi, tuwo mai laushi, babu kilishi babu ƙashi, goro kuwa sai dai a niƙa in ya zama dole. Bayan nan a sake auna baki a yi haƙoran dindindin. Ka ga ke nan tafiya biyu ce aƙalla, ba guda ba.

Dantiyen da ya saki ba lallai laifin wanda ya yi shi ba ne. Ƙashin muƙamuƙi in babu saiwar haƙori cikinsa sai ya riƙa zaizayewa, shekarar farko ta fi tsanani, kuma dantiyen ƙasa ba shi da ganɗa da zai manne mata kamar na sama, ga harshe na ture shi kullum. Shi ya sa kafin kowa ya faɗa maku farashi sai an ga ƙashin da ya rage mata. A yi radiyo panoramik tukuna, wato hoton ƙashin baki gaba ɗaya, in za a yi aikin kuma sai an yi sikaner na muƙamuƙi don a ga kauri da zurfi da inda jijiya take. Wanda ya yanke maku kuɗi ta WhatsApp bai ga ko hoto ba, ni ba zan kai mishi uwata ba.

Sukari kuma ba ya hana, in dai yana kwance. Ba gwajin yatsa na safe nake nufi ba, akwai gwajin jini da ake ce wa HbA1c, shi ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin wata ukun da suka wuce. In yana wajen 7 abin ya yi kyau, in ya haura 8 mu dai mukan ce a koma wurin likitan sukari a gyara tukuna, don miki ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayar cuta na samun hanya. Ku tambaye ta kuma ko tana haɗa goron da taba, tsofaffinmu da yawa suna yi ba su faɗi, taba na cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya ƙi kamawa. Haka in tana shan maganin tsinka jini ko an taɓa ba ta maganin ƙarfin ƙashi, dole likita ya sani.

Sai haƙoran nan bakwai na sama. Ciwon da ya zubar da na ƙasa yana nan tare da su, in ba a yi maganinsa ba zai koma kan ƙarfen. Ƙarfe ba ya ruɓewa amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kumbura su yi mugunya su zaizaye, kuma sau da yawa babu zafi har sai abu ya yi nisa.

In da innata ce, da na fara duba wata hanyar da ba a cika tallarta ba. A dasa ƙarfe biyu kawai a gaban muƙamuƙin ƙasa, inda ƙashi ya fi saura, a yi dantiye mai maɓalli a ciki wanda zai kama su ƙas, ba ya tasowa in tana magana, da dare ta cire ta wanke da hannunta. Tun 2002 likitoci suka yi taro a jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori a ƙasa. Aikin ya fi sauƙi, kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, robar maɓallin ce kawai ke cinyewa a canza ta lokaci lokaci.

Alhaji na Katako:

Ɗana, ni an yi mini, na sama gaba ɗaya, ƙarfe shida, a waje aka yi shekara huɗu ke nan. Alhamdu lillahi ina cin gasasshen nama, ina magana da abokan ciniki ba na tunanin baki, ban yi nadama ba. Amma bari in faɗa maka abin da ya same ni don kada ya same ku.

Shekara ta biyu wata ƙaramar ƙusa daga cikin masu ɗaure haƙoran ta saki, ina tauna sai in ji abin na motsi. Na je kilinik biyu nan Yamai, duk tambaya guda suka yi mini, wane kamfani ne, wace lamba. Ban sani ba. Ashe kowane kamfani da irin ƙusarsa da irin makullinsa, na Straumann daban, na Nobel Biocare daban, na Osstem daban, kamar dai kayan gyaran mota, na wannan ba ya shiga waccan. Waɗanda suka yi mini aikin ba su ba ni ko takarda ba, na yi ta kira ana ce mini likitan ya bar wurin, sai da na yi kusan wata biyu ina shan kunu kafin suka turo bayanin aka samo makullin. Gyaran kansa bai kai minti ashirin ba. To ni ina Yamai ke nan, ka yi tunanin tsohuwa a Tawa, kilomita fiye da 500, ta biyo Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso cikin bis saboda ƙusa guda.

Don haka kafin ku sayi tikiti ku fara samun likita a nan wanda zai ce i, in ta dawo ni zan riƙa duba ta, kuma shi zai faɗa maku irin da yake da kayan aikinsa. Ku karɓo katin dashen mai sunan kamfani da lamba da tsawon kowane ƙarfe, da hotunan radiyo. Kuɗi kuma ku yi lissafi da kyau, yuro guda sefa 656 ne kusan, in an ce maku yuro 5000 to miliyon uku da jikka ɗari biyu da tamanin ke nan, ban da jirgi na mutum biyu sau biyu, ban da masauki da magani. Ku tambaya a rubuce ko haƙoran ƙarshe na cikin kuɗin, ni sai da na ƙara.

Maman Balkisa:

Ɗan Adar sannu da ƙoƙari. Ni tambaya guda gare ni, Inna da kanta mi tac ce? Don mu mata tsofaffi wani lokaci ƴaƴa su yanke magana mu yi shiru don kunya. Ni dantiye nike sawa shekara tara, da nawa ya saki ban yi sabo ba, likita ya ƙara mishi roba ta ciki daidai da yadda dasashi ya koma, ya zauna. Ba na ce ya kai dashe ba, tsire kam sai an yanka mini ƙanana, amma mikin ya warke. Ku yi mata wannan yanzu ko da za a yi dashen daga baya, kada ta zauna da ciwo tana jira, mai sukari da ba ya cin abinci sosai sai ya koma ga fura da shayi mai sukari, ciwon ya ƙaru.

Kuma waɗanda ake ɗaurewa ɗin nan, an ce kullum sai an wanke ƙarƙashinsu da ɗan ƙaramin buroshi. Idonta na gani sosai? Wa ke tare da ita a gida?

Malam Mai Allo:

Allah ya ba ta lafiya. In tana shakka ta wajen addini, ku kwantar mata da hankali, wannan magani ne da maida abin da aka rasa, ba canza halitta ba. Sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinari. Abin da zan roƙi likita ta yi mana bayani shi ne ƙarin ƙashi da na ji ana yi, da mi ake yin sa?

Likitar Haƙori, Yantala:

Malam tambayarka na kan hanya. In ƙashi ya yi kaɗan akan ƙara, wani daga jikin mutumin ake ɗebowa, wani garin ƙashin saniya ne da aka sarrafa, wani kuma haɗin masana'anta ne. Amma fatar da ake rufe shi da ita wasu kamfanoni daga alade suke yin ta, akwai kuma wadda ba ta alade ba, sai mutum ya tambaya tun kafin aiki ya zaɓa. Ƙarfe biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa galibi ba ya buƙatar ƙarin ƙashi.

Hajiya Maman Balkisa kuma ta taɓo inda ya fi muhimmanci, asuwaki ba ya shiga ƙarƙashin haƙoran da aka ɗaure, kuma sai an zo likita ya duba kamar kowane wata shida.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Hajiya kin yi gaskiya, wallahi ba mu tambaye ta ba, mu munka yi ta shawara tsakaninmu. Jiya da dare na kira ta, tac ce ita ba ta son jirgi kuma ba ta son a ɗaure mata abin da ba ta iya cirewa ta wanke, ita dai a samo mata wanda ba shi motsi in tana karatu da salla. Maganar taba ma na tambaya, tac ce ƴar kaɗan take sawa da goro bayan la'asar, ban taɓa sani ba.

Na tura ma yaya dut abin da kunka rubuta, bai so ba da farko amma ya yarda mu fara daga nan. Ƙanwarmu za ta kai ta gwajin sukarin nan na wata uku ranar Litinin, in sakamako ya hito za su shigo bis ɗin sahe, sai a yi radiyon a gyara mata dantiyen da ke gare ta. Likita, gwajin nan sai da azumi ake yin shi ko tana iya karyawa kahin ta je?

Likitar Haƙori, Yantala:

Ta karya abinta ƙanena, wannan gwajin ba ya buƙatar azumi. Ku zo da ordonans ɗinta na sukari, wato takardar maganin da likita ya rubuta mata, da duk maganin da take sha, kwalin ma ku haɗo da shi, da dantiyen. Tabar kuma ku fara lallaɓa ta tun yanzu.