In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: a ina ake faɗinta?

Dattijon Garwa: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar nan yara sun mayar da ita garkuwa. Ka ce wa yaro ya je ya gaida kawunsa da ƙafa, ya ce ai ya tura masa murya ta WhatsApp, wai kiɗa ya sauya. Mu a bakin manya muka ji ta, kuma sai hali ya matsa ake faɗinta. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin mutum ya koma rabi a dare ɗaya, masu saro atamfa da yawa suka koma sayar da hatsi. Nan ne gurbinta, ba son zuciya ba.

Ƴar Marwa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ban ga inda aka ɗaure ta da wahala kaɗai ba. Kafin a kafa jami'ar Marwa a 2008, yarinyar da ke son digiri sai ta tafi Ngaundere, iyaye kuwa su ce a'a, nisa ya yi yawa. Yanzu ta hau babur da safe, kafin magariba tana gida tana tuƙa tuwo. Iyayen da suka ƙi jiya su ne ke biyan kuɗin rajista yau. In ba sauyin rawa ba ne, mene ne?

Ɗan Kuseri: Yaya, kin faɗi gaskiya. Kuma Baba, a yi min afuwa, ku da kuke cewa ƙwallo aikin banza ne, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya da ke Garwa a Janairun 2022, manyan riguna da huluna nawa muka gani a layin shiga?

Dattijon Garwa: Kai yaro, baƙi muka raka.

Malamin Zaure: To, ni inda nake ganin kuna tsallakewa shi ne wa ke sauya kiɗan. Duk wanda ya tsaya a gidan biki ya san makaɗi ido yake zubawa ga mai liƙi, inda kuɗi ke zubowa nan gangar ke juyawa. Mai rawa ba baƙo ba ne a maganar. Saboda haka yaron da ya daina zuwa gaisuwa ba zai ce zamani ya tilasta shi ba, da shi aka kaɗa. Karatun ƴan mata kuwa hanya ce ta buɗe, aka bi. Ba ɗaya ba ne.

Ƴar Marwa: Malam, to wanda kawunsa ke Njamena fa, shi kuma yana Garwa?

Dattijon Garwa: Wannan ya buga waya, ba mu hana ba. Wanda nake magana a kai, kawun nasa na nan bayan babbar kasuwa, ko kuɗin babur ba ya buƙata. Juma'ar nan in an sauko masallaci, ni da kaina zan tasa shi gaba.