Sabuwar HP mai Celeron, EliteBook mai i7 ko ThinkPad T480: wacce ta dace da ɗalibin injiniya?

Ɗan Aji Uku:

Assalamu alaikum. Ina karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma daga wannan zangon aka fara ba mu ayyukan zane da AutoCAD, ga rahotannin da ake buƙatar a buga a miƙa kusan kowane mako. Zuwa yanzu da kwamfutar abokin ɗakina nake lallaɓawa, to amma shi ma aiki ya yi masa yawa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Mahaifina da yayana sun haɗa mini naira dubu 300, sun ce in nemi wadda za ta kai ni har ƙarshen karatu, domin ba a sa ran za a sake saya mini wata.

Na zagaya shaguna a Titin Beirut da ke Kano, na tsaya a kan guda uku waɗanda kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko sabuwar HP ce fil a kwali, mai furosesa (guntun da ke sarrafa dukkan aikin kwamfuta) Celeron N4020 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) 4GB, kuma an ce akwai garanti. Ta biyu HP EliteBook 840 G3 ce ta hannu, mai Core i7 da RAM 8GB da ma'ajiyar fayiloli SSD 256GB, ita ce ma mafi sauƙin kuɗi. Ta uku Lenovo ThinkPad T480 ce, ita ma ta hannu, mai Core i5 da RAM 8GB da SSD 256GB, sai dai ta ɗan haura abin da ke hannuna. Zuciyata ta fi karkata ga mai i7, mahaifina kuma ya fi son sabuwa saboda tsoron kayan hannu. Ina roƙon masana su ba ni shawara, kuma a yi la'akari da cewa wuta ba ta zama a inda nake kwana.

Mai Gyara a Kano:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka fitar da kuɗi, domin wannan tambarin na i7 da ake liƙawa kusa da madannai ya sa ɗalibai da yawa sun sayi abin da bai kai kuɗinsa ba. Abin dubawa a furosesan Intel shi ne janareshan ɗinsa, kuma lambar farko bayan ɗan layin (-) da ke cikin sunansa ita ke nuna shi. EliteBook 840 G3 tana ɗauke da na shida, irin su i7-6600U, wanda ƙwaƙwalwa (core, wato sassan furosesa da ke raba aiki tsakaninsu) biyu kawai gare shi. T480 kuwa, idan mai i5-8250U ko i5-8350U ce, na takwas ne, kuma a wannan janareshan ne, wanda ya fara fitowa a 2017, Intel ya ninka ƙwaƙwalwar irin waɗannan furosesoshi daga biyu zuwa huɗu. Saboda haka wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ɗin ƙarfi a zahiri, kuma za ka ga bambancin ranar da ka buɗe AutoCAD da Word da shafukan intanet a lokaci guda. Ka dai tabbatar da lambar da idonka, domin akwai T480 da aka fitar da i5 na janareshan na bakwai.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi a wurina. Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma Windows 11 a hukumance ba ya karɓar furosesan janareshan na shida. Daga na takwas ya fara, in ban da 'yan ƙalilan daga na bakwai. Za ka tarar da masu shago sun ɗora Windows 11 a kan 840 G3 ta bayan gida, kuma za ta tashi ta yi aiki, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Wanda yake son na'urar da za ta kai shi aji biyar bai kamata ya fara da wadda aka riga aka rufe wa ƙofa ba.

Ita kuwa sabuwar mai Celeron, ka ba Baba haƙuri cikin ladabi. An yi ta ne domin rubutu da kallon bidiyo. A wasu irinta RAM ɗin a manne yake da allon uwa (motherboard, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai), ba ya ƙaruwa, kuma wasu ma'ajiyarsu eMMC ce mai 64GB, wadda Windows da manhajar zane za su kusan cinyewa. Garanti yana gyara abin da ya lalace ne, ba ya sa mai rauni ta yi ƙarfi. T480 tana da gurbin RAM biyu, don haka idan ka samu kuɗi a zango mai zuwa sai ka ƙara 8GB ya zama 16GB, aikin da ba ya wuce kwance 'yan kusoshi a ƙasan na'urar. Kayan gyaranta, daga madannai zuwa fanka, ba su da wuyar samu, domin kamfanoni a Turai da Amurka sun saye ta da yawa ga ma'aikatansu, kuma waɗannan ne ake shigowa da su bayan sun sauya sababbi.

Tsohuwar Ɗalibar Zane:

Na yarda da Malam a kan Celeron da kuma 840 G3, amma ina ganin ya kamata a faɗa wa ƙaninmu iyakar T480, kada ya ɗauka ya sayi maganin komai. Sashen hotonta Intel UHD 620 ne a mafi yawan waɗanda ke kasuwa. Yana ɗaukar zanen AutoCAD na shimfiɗe ba tare da matsala ba, wato taswirar bene da sassan gini da jadawalin rodi, kuma wannan shi ne mafi yawan aikin aji uku da huɗu. Ranar da aka shiga Revit, manhajar zana gini a siffarsa ta 3D, da babban gini mai hawa da yawa, ko aka ce a fitar da hoton gini mai inuwa da haske, za ta yi aikin amma da jan ƙafa, fanka tana kuka. Ni da irinta na kammala, ba na kushe ta, sai dai manyan ayyuka a kwamfutar wata ƙawata muke ƙarasa su.

Idan da hali ka ɗan jinkirta ka ƙara kuɗi, ka tambayi farashin HP EliteBook 845 G7 ko ThinkPad T14 na farko mai furosesan AMD Ryzen 5 Pro 4650U. Na 2020 ne, ƙwaƙwalwarsa shida, kuma sashen hotonsa ya fi UHD 620 nesa ba kusa ba. Mutanenmu suna gudun AMD bisa tsohon zancen cewa yana zafi, shi ya sa wani lokaci masu shago ba sa tsauwala kuɗinta. Kada kuma wani ya ruɗe ka da MacBook saboda daɗewar cajinta: Revit a kan Windows kaɗai yake aiki. Sannan Autodesk yana ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin kana makaranta, don haka ba ka da buƙatar biyan wani ya ɗora maka na sata wanda ke zuwa da ƙwayoyin cuta.

Abu Safwan:

Ban ga an taɓa maganar wuta ba, alhali ita ce ta fi damun mai zaman hostel. A nan T480 ta yi fice, domin batir biyu gare ta: ɗaya a ciki mai 24Wh, ɗaya kuma a waje wanda ake zarewa ko da tana kunne. Na wajen yana zuwa da girma uku, 24Wh da 48Wh da 72Wh, kuma babban yana ɗan ɗaga bayan kwamfutar idan an ajiye ta a tebur. Ta kafar USB-C take caji, saboda haka babban fawa banki mai ba da 65W zai iya ciyar da ita. Ka lura da cewa T480s da T490 ba su da wannan batir na waje, duk da kamannin suna. Ka dage a ba ka caja ta asali, domin ta jabu da wutar janareta suna iya kashe allon uwa.

Ɗan Aji Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayana bayananku, ya ce zai cika abin da ya rage a sayi T480, domin mai Ryzen ɗin da na tambaya ta wuce ƙarfinmu a yanzu. Abin da ya rage shi ne tsoron da mahaifina yake yi. Malam, me zan duba a shagon domin in tabbatar ba mai ciwo aka ba ni ba?

Mai Gyara a Kano:

Ka je da safe lokacin da shago bai cika ba, ka zauna da ita aƙalla rabin sa'a, kuma kada kunya ta hana ka. Da farko ka kashe ta, ka kunna, ka danna F1 domin shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows. Idan ta nemi kalmar sirri wadda mai shago bai sani ba, ka ajiye ta ko nawa aka rage maka, domin cire irin wannan kulle a ThinkPad aiki ne mai wuya. A nan ne kuma za ka karanta ainihin lambar furosesa da yawan RAM, ba daga takardar da aka liƙa ba.

Bayan ta shiga Windows, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera kowane batir da shi da kuma abin da yake iya riƙewa yanzu. Ka tabbata batir biyu ya nuna, domin wasu suna zuwa ba na cikin, kuma idan ƙarfin ya zube sosai sai ka sa a sauya ko a rage kuɗin sabo. Ka duba saitin fuska: akwai T480 mai 1366x768, akwai mai 1920x1080, kuma mai zanen gini ta biyun yake buƙata, domin a ta farkon layuka suna cunkushewa, launi yana dushewa da ka ɗan karkata. Ka buɗe farin shafi ka cika fuskar da shi, tabo ko ɗigon da ya mutu zai bayyana. Ka buɗe Notepad ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya.

Kafofin USB-C guda biyu ne a gefen hagu, ka soka caja a kowacce ka ga tana karɓa. Wannan samfurin yana cikin waɗanda aka samu matsalar manhajar Thunderbolt (fasahar da ke tafiyar da kafar USB-C) a kansu, har Lenovo ya fitar da gyara, don haka da ka isa inda intanet yake da ƙarfi sai ka yi sabuntawar ta manhajar Lenovo Vantage. Ka kuma haɗa ta da intanet tun a shagon, domin wadda har yanzu take rajiste da sunan kamfanin da ya yi amfani da ita takan nuna hakan ne bayan ta hau layi, musamman idan an sake ɗora Windows.

Ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da adadin kwanakin da za ka iya mayarwa idan matsala ta fito, wannan takardar ce za ka nuna wa Baba. Idan hunturu ya wuce, kafin zafin Maris da Afrilu ya kama, ka kai ta a buɗe a share ƙurar fanka a sauya man da ke kan furosesa mai taimakawa wajen fitar da zafi.